Tunawa da Sarkin Yaƙi Muhammadu Abu Ali, da Bashin da Ke Wuyan Masu Rai

 

Duk wanda ke zaune a Unguwar Gabas, ko Samaru, ko Sabon Gari, ya san soja sani na maƙwabtaka. Tun shekarar 1924 a ke horad da kurata a Daffon Zariya, inda a yau a ke kira Barikin Chindit. Sunan nan kuwa an samo shi ne daga wata runduna da ta yi yaƙi da Japan a dajin Bama cikin 1944, wadda bataliyoyin Nijeriya suka kasance a cikinta. A 1954 aka buɗe makarantar soja ta yara a garin nan, ga kuma Barikin Basawa dab da Samaru. Saboda haka in an ce an kashe soja a Barno, ba labarin nesa ba ne ga Bazazzagi, zama galibin ƙananan sojan ƙasa da ke can, a nan suka fara ɗaura ɗamara, a kasuwar Sabon Gari suka sayi akwatinsu na farko.

Daga cikin hafsoshin da yaƙin Boko Haram ya ci, babu wanda mutuwarsa ta girgiza ƙasar nan kamar Laftanar Kanar Muhammadu Abu Ali. An kashe shi daren Jumma'a, 4 ga Nuwamba 2016, wanda ya yi daidai da farkon watan Safar na Hijira 1438, a garin Malam Fatori, hedkwatar ƙasar Abadam, can ƙuryar arewacin Barno bakin iyakar Nijar. Yana da shekara 36 a duniya. Ya kamata a tuna da shi, a kuma duba abin da ya auku bayansa, domin ramin da ya faɗa har yanzu ba a cike shi ba.

An haife shi ran 15 ga Agusta 1980. Ɗan gidan soja ne, kuma ɗan gidan sarauta. Mahaifinsa, Birgediya Janar Abu Ali, ya yi gwamnan soja a Jihar Bauchi daga 1990 zuwa farkon 1992, daga baya aka naɗa shi Etsu na Bassa Nge a Jihar Kogi. Yaron ya shiga makarantar hafsoshi ta Kaduna, ya fita a 2003, aka sa shi cikin rundunar motocin sulke. Mai karatu ya lura da wannan. A ƙasar nan ba sabon abu ba ne ɗan babban mutum ya sami takarda daga sama a ajiye shi ofis a Ikko ko Abuja, ya ƙare aikinsa bai taɓa jin ƙarar igwa ba sai ranar faretin ban girma. Wannan kuwa yana da duk ƙofar da zai bi ya sami inuwa, amma a bakin daga aka san shi, a can kuma ajali ya same shi.

Ba za a gane girman aikinsa ba sai an tuna halin da ƙasa ke ciki a lokacin. Cikin Agusta 2014 Abubakar Shekau ya yi shelar daularsa a Gwoza. A ƙarshen Oktoba mutanensa suka ci Mubi, birni na biyu a Adamawa, har suka sake mata suna. Ran 3 ga Janairu 2015 suka ci Baga tare da sansanin sojan ƙawance da ke can, suka yi kisan da har yau ba a daidaita a kan adadinsa ba. Kafin watan ya ƙare Monguno ta faɗi, aka kai hari Maiduguri kanta. Al'amari ya kai har aka ɗage zaɓen ƙasa daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris. Mutanen Zazzau ma sun ɗanɗana. An tayad da bom a majami'u a Sabon Gari da Wusasa cikin Yuni 2012. An harbe Malam Muhammad Auwal Albani tare da matarsa da ɗansa ran 1 ga Fabrairu 2014, Shekau ya fito ya ce aikinsu ne. Ran 7 ga Yuli 2015 kuma bom ya tashi a sakatariyar Sabon Gari da ke Dogarawa, ma'aikata da malaman makaranta suna layin tantancewa, mutum 25 suka halaka.

Cikin wannan duhu ne aka fara jin sunan Manjo Abu Ali. Gwamnati ta sayo tankokin yaƙi irin waɗanda a ke kira T-72, shi kuwa yana cikin waɗanda suka shige gaba da su. Ran 21 ga Fabrairu 2015 aka ƙwato Baga, sunansa ya fito a jaridu. A farkon Satumba aka ƙwato Gamboru Ngala, bakin iyakar Kamaru. A garin ne Babban Hafsan Sojan Ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Tukur Yusuf Buratai, ya je da kansa ya liƙa masa anini na Laftanar Kanar tun kafin lokacinsa ya yi, sakamakon jaruntaka. Shi ne kwamandan bataliyar tankoki ta 272. Sojojinsa suka laƙaba masa Sarkin Yaƙi, sarautar da ba a fada aka naɗa ta ba. Abin da suka shaide shi da shi kuwa shi ne ba ya tura yara gaba ya tsaya baya. Ƙaramin soja ba ya yabon hafsa a banza, domin shi ne ya san wanda ya kwana tare da shi cikin rami.

A daren da abin ya faru, mayaƙan suka auka wa sansanin soja na Malam Fatori. Aka gwabza, aka kore su, amma Sarkin Yaƙi ya faɗi, shi da waɗansu daga cikin mutanensa. Ran Litinin 7 ga Nuwamba aka binne shi a maƙabartar soja ta Abuja tare da ƙananan sojoji 6, cikinsu akwai Musulmi akwai Kirista. Janar Buratai ya tashi yin jawabi, kuka ya ci ƙarfinsa a gaban jama'a. Marigayin ya bar mata da 'ya'ya 3 ƙanana. A watan Disamba soja suka shiga sansanin Shekau a dajin Sambisa, daga baya aka sa wa filin koyon harbi da aka yi a can sunansa.

To, ajali ba ya gaba ba ya baya, wannan babu mai imanin da zai yi musu. Amma shari'a ba ta hana binciken sababi ba, ta ma wajabta shi ga wanda aka ba amanar rayukan mutane. Tambayar ita ce, ƙaƙa aka yi ƙasar da aka ce an ƙwato ta koma tana cin waɗanda suka ƙwato ta? Cikin Disamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya gaya wa gidan rediyon BBC cewa a zahiri an riga an karya lagon Boko Haram. Wata 11 bayan wannan magana aka ɗauko gawar Abu Ali.

Sababi na farko shi ne cin gari daban, riƙe shi daban. Tanka tana iya kore maƙiyi daga gari cikin yini guda, amma ba ta iya zama alƙali, ko hakimi, ko malamin asibiti. Malam Fatori tana bakin kogin Komadugu Yobe, Boso ta ƙasar Nijar tana tsallake, ga tsibiran Tafkin Chadi a gabas inda mota ba ta shiga. Boko Haram sun ci garin a Nuwamba 2014, sojan Nijar da na Chadi suka kore su a ƙarshen Maris 2015, amma mutanen gari sun riga sun watse. Sojan da aka ajiye cikin kango, nesa da Maiduguri, hanyar kai masa abinci da harsashi cike da nakiya, shi ne a tsare, ko da ya ke sunansa mai tsaro. Maƙiyi ya san inda ya ke kwana, shi kuwa bai san inda maƙiyi ya ke ba.

Na biyu, maƙiyin ya sake kama. Cikin Agusta 2016, wata 3 kafin mutuwar Abu Ali, ƙungiyar ta rabu biyu. Shekau ya tsaya Sambisa, sashen da ke biyayya ga ƙungiyar Da'ish kuwa ya bi Abu Mus'ab Albarnawi, ɗan Muhammad Yusuf, ya kafu a bakin tafki. Waɗannan na biyu suka rage kai hari kasuwa da masallaci, suka mai da ƙarfinsu kan sansanonin soja, suna kwasar makamai. Suka riƙa karɓar haraji daga masunta da makiyaya da manoman tattasai, suna yin hukunci tsakanin mutanen ƙauye. Watau sun shiga gurbin da hukuma ta bari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku, dukiyar yaƙi. Cikin Mayu 2014 sojoji a Barikin Maimalari na Maiduguri suka harbi motar kwamandansu, don baƙin cikin gawawwakin 'yan'uwansu da aka kawo. Kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa a Satumba, ta yanke wa waɗansu 54 a Disamba saboda ƙin fita yaƙi. Hujjar da suka kawo ita ce ba su da makaman da za su kara da na maƙiyi. A Disamba 2015 aka sassauta hukuncin zuwa ɗaurin shekara 10, a watan ne kuma aka kama Kanar Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, aka gurfanar da shi bisa tuhumar da ta shafi kuɗin makamai dala biliyan 2 da ɗoriya. Hukunci na kotu ne. Amma ƙa'idar malamai a fili ta ke: wanda ya ci kuɗin da aka ware don sulken soja, yana da kaso cikin jinin sojan da ya mutu babu sulke.

Na huɗu, gajiya. Wanda ya nuna ƙwazo shi a ke ta aikawa, daga wannan daga zuwa waccan, har ƙarfe ya karye. Tsakanin Baga da Malam Fatori, wata 20 da 'yan kai Abu Ali yana cikin wuta. A Agusta 2018 sojoji suka yi ta harbi sama a filin jirgin saman Maiduguri, suka ƙi shiga jirgin da zai kai su Marte, suna cewa sun shekara da shekaru ba a canza su ba. Ko doki ne, mai hankali ba ya sukuwa da guda ɗaya kullum.

Shaidar cewa ba a magance waɗannan ba ita ce jerin waɗanda suka bi bayansa. Ran 18 ga Nuwamba 2018 aka kashe Laftanar Kanar Ibrahim Sakaba da sojoji masu yawa a Metele. A ƙarshen wannan shekara Baga da Abu Ali ya ƙwato ta sake faɗuwa na ɗan lokaci. A Satumba 2020 aka yi wa Kanar Dahiru Bako kwanton ɓauna kusa da Damboa. Ran 13 ga Nuwamba 2021 Birgediya Janar Dzarma Zirkusu ya faɗi a Askira Uba. A Janairu 2025 aka sake auka wa Malam Fatori, aka kashe kwamandan bataliyar da ke can tare da mutanensa, shekara 8 bayan Abu Ali, a gari guda. A Maris na wannan shekara Nijar ta janye daga rundunar ƙawance ta Tafkin Chadi, alhali kuwa tsallaken kogin nan ƙasarta ce. A Nuwamba 2025 kuma aka kashe Birgediya Janar Musa Uba a yankin Damboa. Shekau kansa ya mutu tun Mayu 2021, yaƙi bai mutu tare da shi ba. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 fitinar nan ta ci rai wajen 350,000, kashi ɗaya cikin goma ne kaɗai makami ya kashe, saura yunwa ce da cuta, galibinsu kuwa yara ƙanana.

A cikin littattafan sira akwai abin lura, ba don a gwada darajar kowa da ta Sahabbai ba, sai don a ɗauki darasi. A yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Musulmi 3,000 suka gamu da rundunar Rumawa. Zaidu ɗan Harisa ya riƙe tuta aka kashe shi, Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya karɓa aka kashe shi, Abdullahi ɗan Rawaha ya karɓa aka kashe shi. Da tuta ta zo hannun Halidu ɗan Walidu, sai ya yi dabara ya janye jama'a ya komo da su Madina. Waɗansu suka zarge su da gudu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kare su. Ashe tsare ran soja yana daga cikin jaruntakar shugaba. Sa'an nan ya tafi gidan Ja'afaru da kansa, ya sa aka kawo masa marayun ya rungume su, ya umurci a dafa wa gidan abinci. Bai tsaya ga yabon mamaci ba, ya juya ga waɗanda ya bari.

Nan ne bashin ya ke. Tun da aka mai da ranar tunawa da mazan jiya daga 11 ga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, kowace shekara manya na ajiye furanni, a saki tantabaru, a watse. Matar soja kuwa takabarta wata 4 ce da kwana 10, bayanta sai neman wurin zama, domin ɗakin bariki na mai aiki ne. Koken matan nan a kan jinkirin haƙƙin mazajensu ya sha fitowa a jaridu da rediyo. Sa'ad da aka kashe sojoji 17 a Okuama ta Jihar Delta cikin Maris 2024, Shugaba Bola Tinubu ya halarci jana'izar, ya yi alkawarin gida da karatun 'ya'ya ga iyalan kowannensu. Wannan ya yi kyau. Amma abin da aka yi wa waɗanda duniya ta ji mutuwarsu, shi ya kamata ya zama doka mai gudana a kan kowane farabiti da ya faɗi a Metele babu mai ɗaukar hoto. Sunan Abu Ali kowa ya san shi. Mutum nawa ne za su iya kawo sunan ɗaya daga cikin 6 ɗin da aka binne tare da shi?

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyan dangi. Soja ya kan rubuta sunan mutum ɗaya a takarda, wanda za a nema in ta Allah ta kasance. Sau da yawa wannan mutum ya kan ɗauka dukiyar tasa ce. Ga Musulmi, abin da mamaci ya bari na magada ne bisa rabon da Allah ya yi: a biya bashi, a zartad da wasiyya cikin sulusi, mata ta karɓi tumuni in akwai 'ya'ya, uwa da uba kowa ya karɓi sudusi, a tsare rabon marayu har su mallaki hankalin kansu. Wan mamaci ko ƙanensa da ya karɓo kuɗin ya sayi mota, ya bar marayu suna tallan gyaɗa a tashar Samaru, ya san azabar da aka tanadar wa mai cin dukiyar maraya. Liman da mai unguwa su ne mafi kusa da irin wannan, bai kamata su yi shiru ba.

Ita ma rundunar soja akwai abin da mamatanta ke binta. Mutanen Zariya ba su manta da abin da ya auku tsakanin soja da almajiran Malam Ibrahim Zakzaki cikin Disamba 2015 ba, inda gwamnatin Jihar Kaduna da kanta ta shaida wa hukumar bincike cewa an binne mutum 347 a kabari guda, hukumar kuma ta ce a hukunta waɗanda suka wuce iyaka. Ambaton wannan ba rage darajar wanda ya mutu a Malam Fatori ba ne. Yaƙi irin na bakin tafki da labari a ke cinsa, labari kuwa a bakin talaka ya ke, talaka ba ya kai labari wurin wanda ya ke tsoro. Duk sojan da ya zalunci farar hula, ya ƙara wa ɗan'uwansa da ke bakin daga haɗari.

Saura malamai. Fitinar nan da wa'azi ta fara kafin ta ɗauki bindiga, irinta kuwa tsohuwa ce. Harijawa sun kafirta Sayyidina Aliyu, ya yaƙe su a Naharawan, ɗaya daga cikinsu ya kashe shi a shekara ta 40 bayan Hijira, yana ganin ibada ya ke yi. Yaron da aka koya masa tun yana riƙe da allo cewa jinin Musulmi da na maƙwabcin amana haram ne, da wuya a saye shi da babur da 'yan kuɗi. Abin da malamin zaure ya kasa gyarawa da harshe, shi ne hafsa ke biya da ransa bayan shekara 10.

Saboda haka wanda ke son girmama Muhammadu Abu Ali, hanya a buɗe ta ke. Hukuma ta biya haƙƙin mamata kan kari, ta canza waɗanda suka daɗe a daga, ta bi sawun kowane kwabo na makamai, ta mai da alƙali da likita garin da aka ƙwato. Attajiri ya nemi marayan soja guda a unguwarsu ya ɗauki nauyin karatunsa. Maƙwabci ya leƙa gidan da aka yi rashi bayan an tashi daga zaman makoki, zama a sa'an nan ne kaɗaici ke farawa.

Allah ya jiƙan Sarkin Yaƙi, ya gafarta masa kurakuransa, ya raya abin da ya bari bisa shiriya. Allah ya ba iyalan dukkan waɗanda suka faɗi haƙuri, ya kashe wutar fitinar nan, ya zaunad da Barno da sauran ƙasa lafiya. Amin.